SHARHI: Hoton Kambas A Mubi, Ciniki Na Tafiya Jari Na Zurarewa

Sanin kowa ne cewa Mubi gari ne na saye da sayarwa. Kasuwar shanunsa ta yi suna a Nijeriya da Kamaru da Chadi, kuma kusancinsa da iyakar Kamaru ya sa fatake ba su yankewa a cikinsa rani da damina. Ga kuma manyan makarantu, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a shekarar 2002, waɗanda kowace shekara suke yaye ɗalibai masu ɗimbin yawa. A gari irin wannan ba a rabuwa da sha'ani: yau ɗaurin aure, gobe suna, jibi yaye ɗalibai ko naɗin sarauta. Kowane sha'ani kuwa yana tafe da mai hoto.

A da can, in an ce babban hoto, ana nufin hoton takarda da aka saka a firam mai gilashi. Yanzu abin da idon masu saye ya koma kansa shi ne hoton da ake bugawa a kan yadin kambas, a ja shi a jikin katako a rataye a bango ba tare da gilashi ba. Ba shi da nauyi, ba ya fashewa a hanya, kuma yana ba falo ko ofis wani irin kwarjini. Amarya tana so, ɗan siyasa yana so, mai otal yana so. Gidajen da ba su rataye hoton mai rai suna neman na Ka'aba ko na rubutun ayoyi, gidajen Kirista kuma suna neman nasu. Bayan mamayar da 'yan Boko Haram suka yi wa garin a ƙarshen watan Oktoba na 2014, wadda aka kawo ƙarshenta a watan Nuwamba na wannan shekara, iyalai da dama sun dawo sun tarar da gidajensu a wargaje, ga shi kuwa hoton mahaifi ko na kaka da ya tsira a cikin wayar salula yana da wata daraja da ba a auna ta da kuɗi.

Ke nan masu saye suna nan. Abin damuwa shi ne yadda ake yanke farashi. Al'adar da ta zama ruwan dare a ƙananan sana'o'i irin wannan ita ce mai shago ya leƙa abin da maƙwabcinsa yake karɓa, ya rage 'yan kuɗi kaɗan don ya janye masu saye. Maƙwabcin ma haka ya yi da nasa maƙwabcin. In aka bi diddigi, sai a tarar babu ko mutum ɗaya a layin da ya zauna da alƙalami ya ƙididdige abin da hoto guda yake ci masa. Ra'ayin da wannan sharhi ya tsaya a kai shi ne, farashin da ba a gina shi kan lissafi ba yana cin uwar kuɗi a ɓoye, kuma a ƙarshe yana tilasta wa mai sana'a ya rage ingancin aikinsa, abin da zai kashe kasuwar ga kowa da kowa.

A fara da yadin kansa, domin nan ne asarar farko take ɓuya. Masu injin bugu a Nijeriya sun saba yin ciniki da murabba'in ƙafa. Hoto mai faɗin inci 24 da tsawon inci 36 murabba'in ƙafa 6 ne cif, kuma a kan 6 ɗin nan ne akasari ake yi wa mai saye kuɗi. To, amma hoton kambas sai an naɗe gefensa a bayan katako, saboda haka dole a bar rarar aƙalla inci 2 a kowane ɓangare. Da zarar an yi haka, yadin ya koma inci 28 da 40, wato kusan murabba'in ƙafa 7.8. Ba a nan maganar ta tsaya ba. Yadin yana zuwa ne a bandir mai ƙayyadadden faɗi. Idan bandir ɗin mai faɗin inci 36 ne, za a bar wani zirin inci 8 a gefe wanda hoton bai taɓa ba, abin da aka yanke daga bandir ya zama inci 36 da 40, wato murabba'in ƙafa 10. An karɓi kuɗin 6, an kashe 10. Wanda ya yi aikin a bandir mai faɗin inci 44, ya kwantar da hoton a gicciye, zai ci kimanin 8.6, wanda ya jera biyu gefe da gefe a bandir mai inci 60 zai ci kimanin 8.3 kowane ɗaya. Wannan ya nuna cewa zaɓen faɗin bandir da kuma tara aiki a buga shi lokaci guda suna iya zama bambancin riba da faɗuwa, tun ma kafin a zo maganar tawada.

Kuskure na biyu yana da nasaba da na farko. Mutane da yawa suna ɗauka cewa hoton da ya ninka wani a faɗi da tsawo, kuɗinsa ma ninki biyu ne. Lissafi bai yarda da haka ba. Hoto mai inci 12 da 18 murabba'in ƙafa ɗaya da rabi ne, katakon da zai kewaye shi kuma ƙafa 5. Mai inci 24 da 36 yana cin yadi da tawada ninki huɗu, amma katako ninki biyu kawai, ƙafa 10. A ɗaya gefen kuma, lokacin da ake ɓatawa wajen gyara hoton a kwamfuta, da tayar da janareta, da ja-in-ja da mai saye, kusan ɗaya ne ko hoton ƙarami ne ko babba. Saboda haka farashi mai ma'ana kashi uku ne: kashin da ke bin faɗin yadi, kashin da ke bin tsawon katako, da kashin da ba ya motsi. Mai shagon da ya yi kuɗi ɗaya a kan kowane murabba'in ƙafa zai riƙa faɗuwa a ƙananan hotuna, yana kuma iya korar masu son manya.

Sai babbar magana, wato darajar Naira. Yadin kambas na bugu, da tawada, da kan inji mai fesa ta, galibinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su, mafi yawa daga ƙasar Sin, su sauka Legas, su biyo ta hannun dillalai kafin su iso Yola, daga nan a yi tafiyar kimanin kilomita 200 ta Song da Gombi da Hong zuwa Mubi. Abin takaici ne a ce ƙasar da ta taɓa alfahari da masaƙun Kaduna da Kano tana jiran jirgin ruwa ya kawo mata ƙyallen rataye hoto, amma wannan zance ne na wata rana. Abin da ya shafi mai shago shi ne, a watan Mayu na 2023 Dalar Amurka tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni na shekarar aka sakar wa kasuwa ragamar canji, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 Dala ta haura Naira 1,500. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen 500, a ƙarshen 2024 ta haye 1,000 a wurare da yawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. An sami ɗan lafawa a 2025, to amma lafawar hauhawa ba ta nufin kaya sun koma farashinsu na da.

A irin wannan yanayi, tambayar da ta kamata mai sana'a ya yi wa kansa ita ce: nawa zai sayi wani bandir idan wannan ya ƙare? Nawa ya sayi na hannunsa, wannan tarihi ne. A ƙaddara, don misali kawai, wani ya sayi bandir a kan Naira 100,000, ya fitar da hotuna 20 daga cikinsa. Yadin kowane hoto ya tashi a Naira 5,000. Ya ɗora ribar 1,500, ya tara Naira 130,000, ya ɗauki 30,000 ya yi cefane da kuɗin makarantar yara da zuciya ɗaya, tunda a ganinsa riba ce. Ranar da ya aika a sayo masa sabo, aka ce bandir ya koma 140,000. Ko da bai taɓa ko kwabo ba, da sauran 10,000 a kansa. Yanzu kuwa giɓin 40,000 ne. Bai yi almubazzaranci ba, ba a yi masa sata ba, amma kusan sulusin abin da yake bukata don ci gaba da sana'a ya tafi. Daga nan sai rabin bandir, sai bashin dillali, sai yadi mai araha. 'Yan kasuwar shanu na Mubi sun daɗe da sanin wannan darasi: ba wanda yake sayar da sa ba tare da ya ji yadda kasuwar sari ta kwana ba.

Akwai kuma kuɗaɗen da ba a gani a jikin hoto. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kuma injin bugu ba ya son a ɗauke masa wuta yana tsakiyar aiki, don hoton da ya tsaya a rabi ya zama shara. Shi ya sa janareta ko na'urar hasken rana ta zama dole, kuɗinta kuma na hoton ne. Kan inji yana da iyakacin kwana. Ƙurar hunturu tana toshe shi, zaman banza ma yana toshe shi, kowane wanki kuma tawada yake sha. Wanda bai ware wani abu daga kowane aiki don ranar sauya shi ba, ranar za ta zo masa a matsayin musiba, alhali kuwa abu ne da aka san zuwansa. Haka nan aikin da ya lalace: launi ya sauya, yadi ya karkace, an yi kuskure a rubutun suna. Idan a cikin kowane aiki 10 ɗaya yana lalacewa, to tara ɗin da suka rage su ne za su ɗauki nauyinsa. Daga ƙarshe, guminsa shi kansa mai shagon. Yawancin masu ƙananan sana'o'i ba su yanka wa kansu albashi, sai su kira ladan aikinsu riba. Wanda ya wuni a tsaye ya sami abin da yaron shago zai samu, bai ci ribar jarinsa ba tukuna.

Maganar shirya hoto ba ta rabuwa da maganar farashi, domin kowane mataki na inganci kuɗi ne. Matakin farko shi ne hoton da mai saye ya kawo. Don a sami hoto mai kyau a kambas ana bukatar aƙalla ɗigo 100 a kowane inci, in da hali 150. Mai inci 24 da 36 ke nan yana bukatar ɗigo 2,400 da 3,600 a mafi ƙaranci, wato sama da miliyan takwas da rabi. Kyamarar wayoyin zamani tana iya ba da haka a wuri mai haske. Matsalar ita ce hoton da ya bi ta WhatsApp ta hanyar da aka saba, wanda manhajar take matse shi har tsawonsa sau da yawa ba ya wuce ɗigo 1,600. Idan aka baje wannan a inci 36, kowane inci bai sami ko 45 ba, fuskar amarya ta fito kamar an shafa mata hazo. Maganin abu ne mai sauƙi: a karɓi hoton kai tsaye daga wayar da ta ɗauka, ko a turo shi a matsayin fayil. In kuma babu asalin, a gaya wa mai saye gaskiya kafin a buga, a ba shi shawarar ƙaramin girma. Ƙin karɓar aikin da zai fito da muni ya fi arha a kan sake shi.

Katako shi ne mataki na biyu, kuma a nan yanayin Mubi ba ya yafiya. Tsakanin laimar damina da bushewar hunturu, ɗanyen katako yana lanƙwashewa, yadin da aka ja a kansa ya saki ko ya tattare a kusurwa. Wajibi ne kafinta ya yi aiki da busasshen katako, a shafa masa maganin gara, a ɗan fere bakinsa na ciki don kada shatinsa ya fito a fuskar hoton, manyan hotuna kuma a ƙara musu sanda a tsakiya. Jan yadi ana fara shi ne daga tsakiyar kowane gefe a nufi kusurwa, gefe da kishiyarsa. Tawada ma iri-iri ce: akwai mai narkewa a ruwa kamar rini, wadda take da haske a ranar farko amma rana tana koɗar da ita da wuri; akwai mai ƙwayar launi wadda ta fi jimiri; akwai kuma irin ta manyan injinan talla wadda ba ta tsoron ruwa. Wadda take bukatar man kariya sai a bar ta ta bushe kwana guda kafin a shafa. Mai gaggawa yakan tsallake wannan, mai saye ba zai gane ba sai ranar da aka goge hoton da jiƙaƙƙen tsumma.

Wannan rashin ganewa na mai saye shi ne gishirin matsalar. A shekarar 1970 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi bayani a kan kasuwar tsofaffin motoci. Ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san ingancin kaya amma mai saye bai sani ba, mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, tunda yana tsoron a ba shi maras kyau. Masu kaya masu kyau sai su janye, kasuwa ta rage wa na banza. Hoton kambas ya dace da wannan siffa ƙwarai. A ranar karɓa, hoton da aka buga a yadin auduga na gaske, da wanda aka buga a yadin roba, da wanda aka buga a ledar allon talla aka ja a katako aka kira shi kambas, duk suna sheƙi daga nesa. Bambancin sai bayan damina ɗaya ko biyu. Muddin mai saye ba shi da hanyar tantancewa, mai ledar talla ne zai yanke farashin gari, sauran su bi shi ko su rufe shago.

Ba laifi ba ne a sayar da mai araha. Hoton taron siyasa na kwana uku ba ya bukatar yadin auduga. Laifin shi ne a ɓoye sunan kaya. Abin da ya kamata kowane shago ya yi shi ne ya rataye hoto guda da aka buga a kaya iri uku, gefe da gefe, mai saye ya taɓa da hannunsa, ya juya bayansa, kowanne da farashinsa a rubuce. Rasit ya faɗi irin yadin, da girman, da abin da mai shago ya ɗauki alkawari a kai, misali gyara kyauta idan katako ya karkace cikin shekara guda. Alkawari irin wannan mai aikin ƙwarai ne kaɗai zai iya ɗauka ba tare da fargaba ba, don haka shi ne shaidar da mai saye yake nema.

Za a ce, kuma da gaskiyar masu faɗa, jama'a ba su da kuɗi, hoton bango kuwa ba abinci ba ne. A ƙara masa kuɗi, a rasa masu saye. Za a ce kuma ciniki al'ada ce, Bahaushe ko Bafulatani ko Bagude ba ya jin daɗin saye sai ya taya an yi masa ragi. Duka biyun gaskiya ne. Amma wanda aljihunsa bai kai ba, abin da ya dace a rage masa shi ne girman hoto ko darajar yadi, a fili, da saninsa. Ragi kuma a yi shi a cikin riba, mai shago yana sane da iyakar da in ya sauka ƙasa da ita ya shiga cikin jarinsa. Wanda bai san wannan iyaka ba, duk “albarka” da “sallama” da zai faɗa cinikin biri a sama ne. Ita kuwa gasar manyan shagunan Yola da Kano, waɗanda suke sayen kaya da yawa a farashin sari, ba za a ci ta da karya farashi ba. Abin da ɗan Mubi ya fi su shi ne kusanci: yana gama aiki cikin kwana biyu, ba kuɗin mota, ba karyewa a hanya, kuma in an sami matsala an san ƙofar shagonsa.

Wani abin da ya bambanta wannan haja da sauran shi ne, ba ta da mai saye na biyu. Tela da aka bar masa riga yana iya sayar da ita, amma hoton angon wani ba wanda zai saya ko da kyauta. Don haka kafin alƙalami wajibi ne, kuma kada ya gaza kuɗin kayan aiki gaba ɗaya. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin zaɓe, sa'ad da aiki yake yawa, alkawari ya fi shi yawa, wanda ya faɗi zaɓe kuma ba kasafai yake tuna bashin hoto ba. Masu saye daga Kamaru su ma suna bukatar lura ta musamman. Su da santimita suke awo, hoton santimita 60 da 90 kuwa ya ɗan gaza na inci 24 da 36, bambancin da ya isa ya sa yadi da katako su ƙi haɗuwa. Kuɗinsu na Sefa a ɗaure yake da Yuro, Sefa 655.957 a kan Yuro ɗaya, saboda haka ya fi Naira zama wuri guda. Mai karɓar sa ya yi lissafi da canjin ranar da aka biya shi.

Akwai kuma hanyar rage dogaro da sha'anin biki. Tsaunukan Mandara, da kogin Yedzaram, da hawan sallar Sarkin Mubi, da Sukur ta ƙaramar hukumar Madagali wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, duk hotuna ne da otal da ofis da banki za su iya saye, kuma ana iya buga su a jera a sayar wa kowa. Sharaɗin shi ne mai shago ya ɗauki nasa ko ya nemi izinin mai shi, domin dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta kare hotuna. Haka kuma rataye hoton matar wani a ƙofar shago don talla ba da yardar masu shi ba, ko ba doka, abu ne da ke kore mutanen kirki.

Game da haɗin kai, a yi hattara. Idan masu sana'ar suka taru suka ƙayyade farashi ɗaya suka tilasta wa kowa, sun saɓa wa dokar gasa da kare masu saye wadda ta fara aiki a 2019, kuma irin wannan yarjejeniya ba ta daɗewa kafin wani ya karya ta a ɓoye. Inda haɗin kai yake da amfani shi ne sayen bandir da tawada a dunƙule don a sami farashin sari a raba kuɗin mota, da ajiye kan inji na ko-ta-kwana, da amincewa a kan sunayen kaya ta yadda ba wanda zai kira leda kambas. Sassan koyar da akanta da harkokin kasuwanci na kwalejin tarayya da ke garin suna iya shirya bita ta kwana ɗaya a kan ƙididdige kuɗin aiki, ɗalibansu ma su ƙaru. Kafin a kai ga haka, kowane mai shago yana iya farawa da littafi guda: shafi ɗaya ga kowane girma, a rubuta yadin da aka yanke daga bandir, da tsawon katako, da mai, da lada, da kason lalacewa, a sake duba shi duk ranar da dillali ya aiko da sabon farashi, allon da ke bango kuma ya riƙa ɗauke da kwanan watan da aka rubuta shi.